Shekarun akwatin Kaka

Bayan addu'ar arba'in ɗin Baba, Allah ya jiƙansa da rahama, aka zauna rabon gado a gidanmu na Gangare a Jos. Da aka zo kan akwatin, babu wanda ya ja da ni. Yayyena mata suka ce ai ni kaɗai ne mai taɓa ƙarfe a gidan. Malamin da ke rabon ya sa aka yi masa kuɗi, aka sanya shi cikin kasona. Dab da magariba na ɗora shi a bayan mashin, na ɗaure da roba, na riƙa lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai har na isa gida.

Akwatin fita ne, wato makanikin inji, na katako, irin wanda masu aikin injin sassaƙa ƙarfe ke ajiye ma'aunansu a ciki. Na sa masa tef: faɗi inci 20, tsayi inci 13, daga gaba zuwa baya inci 9. Durowa takwas gare shi, ƙanana biyar a sama, dogaye uku a ƙasa. In ka murɗa makulli sai marfin gaba ya kwanto, ka tura shi ya shige ƙarƙashin durowar ƙarshe. Kowace durowa an shimfiɗa mata koren ƙyalle mai laushi irin na teburin sunuka, ya koɗe ya koma launin ganyen da ya sha rana. Abin da ya fara kama ni dai ƙamshinsa ne, kafur da tsohon man inji. Kaka yakan jefa ƙwayar kafur a durowa don kada kayan aiki su yi tsatsa, Baba ya gaji ɗabi'ar. Har yau in na ja durowa sai in gan ni ina ɗan shekara bakwai, tsugune gefen Kaka a Bukuru, yana ce mini, "Kalla da ido, maigida, hannu a baya."

A gidanmu magana ɗaya ce a kan akwatin nan: tun zamanin Kanar ne. Baffana ya fi kowa riƙe ta. Kanar ɗin da ake nufi shi ne Kanar Laws, injiniyan da kamfanin Neja ya turo neman kuza, wanda ya hau tsaunin nan na Jos a 1903. In maganar ta tabbata, akwatin ya haura shekara 120. Ƙanena da ke aiki a Abuja kuma, da na tura masa hoto ta WhatsApp, kafin isha'i ya turo mini hotuna kusan goma daga intanet. Ya ce, "Yaya, wannan ai Gerstner ne na Amurka, tun 1906 suke yi, kada ka bari kowa ya taɓa shi."

Ni ba sayarwa zan yi ba. So nake ranar da ɗana zai tambaye ni, in ba shi amsar da zan iya nuna masa da yatsa.

Sana'ata gyaran injin niƙa da janareta ce a Dilimi, kuma akwai ƙa'idar da muke bi in aka kawo tsohon inji babu takarda. Ka ware abin da aka haife shi da shi daga abin da masu gyara suka ƙara masa. A cikin na asalin, ka nemi wanda ya fi ƙuruciya, domin injin ba zai girmi wannan ba. Sannan ka nemi ranar da ka tabbata yana hannun wani. Tsakanin biyun nan shekarunsa suke. Haka na bi da akwatin, na kwashe wajen wata biyu ina yi da daddare bayan na taso daga shago.

Maganar ƙanena ce ta fi saurin warwarewa. Gaskiya ne kamfanin H. Gerstner & Sons yana garin Dayton a jihar Ohayo, Harry Gerstner ya kafa shi a 1906, kuma har gobe suna ƙera akwatuna. Amma irin nasu da aka fi sani suna da murfi a sama mai buɗewa, da ɗan madubi mai siffar lu'ulu'u a cikin murfin, da yawansu kuma suna da wata durowa mai zurfi a tsakiya da aka yi daidai girman kundin lissafin makanikai, Machinery's Handbook, wanda aka fara bugawa a 1914. Namu samansa a rufe yake ruf, katako ɗaya da mariƙin fata. Babu madubi, babu ma gurbin da madubi ya taɓa zama. Ginin Ingila ne.

Sai dai akwai wata tambaya da ta fi wannan nauyi. Kamfanonin kuza suna da nasu kafintoci, gwanaye kuwa, waɗanda in Bature ya nuna musu abu sau ɗaya za su yi masa irinsa. Me zai hana a ce a nan Bukuru aka yi shi? Da tsohuwar zuma ake magani, don haka ranar wata Asabar na zare durowa biyu na naɗe a tsumma, na nufi kasuwar Katako wajen wani dattijon kafinta da suka yi zamani da Baba.

Ya karɓi durowar bai ce komai ba. Ya fita da ita bakin rumfa inda rana ke faɗowa, ya lashi babban yatsansa ya shafa a goshin katakon, ya karkata shi. Nan take wasu zane-zane masu sheƙi suka taso a jikin itacen, a gicciye, kamar ƙyallin ɓawon kifi.

"Ɗana, ka ga waɗannan?" Na ce na gani, Baba. "Maɗaci ba ya yin haka. Iroko ba ya yi, afara ba ya yi. Shekara hamsin ina yanka katako a kasuwar nan, itacen ƙasarmu babu mai wannan ido. Na Turai ne."

Itacen ok ne, kuma yadda aka tsaga gungumen ne ke fito da zanen. Ana raba shi gida huɗu, a yanka kowane daga ɓawo zuwa zuciya. Katakon da aka yanka haka ba ya yawan murɗewa ko kumbura, shi ya sa masu akwatunan ma'auni ke son sa. Na shaida wannan da kaina. Sanyin hunturun Jos yana tsaga ƙofa, damina ta kumbura ta har sai an sa mata kafaɗa, amma durowar nan a watan Agusta da watan Janairu da yatsa ɗaya ake jan ta.

Dattijon ya juya kusurwar durowar ya ƙirga haƙoran haɗin. Duk girmansu ɗaya, tsakaninsu ɗaya, babu layin da kafinta ke ja da wuƙa kafin ya sa zarto. Ya ce wannan inji ne ya yanka, a ma'aikata, ɗaruruwa a rana. Sannan ya sa bakin wuƙarsa a lungu ya ɓanɓaro wani ɗan abu ruwan ƙasa mai ƙyalli kamar ƙaro, ya jiƙa shi da ruwan shayinsa, ya murza, ya miƙo mini in sansana. Ƙarni ne irin na majema. Gam ɗin fata ne, wanda ake dafawa a tukunya a shafa da zafinsa. Farin gam na roba da muke saye yanzu sai bayan yaƙin duniya na biyu ya bazu. Na dawo gida da abu biyu a hannu: ba a nan aka yi shi ba, kuma ba sabon yayi ba ne.

A cikin marfin gaba akwai ragowar wani tambari mai ruwan zinariya. Sunan da ke kai ya goge, don shekara da shekaru ana tura marfin yana gogar ƙasan durowa. Na kashe fitilar ɗaki, na kwantar da tocilan a gefe yadda haske zai bi fuskar katakon a kwance. Ku riƙe wannan dabarar, tana tono abin da hasken sama ke ɓoyewa. Layin ƙasa ya fito: LONDON E.C.1. Wannan ɗan lamba ɗaya da ke ƙarshe ita ta fara girgiza maganar Baffa. Birnin Landan ya daɗe da haruffan shiyya irin su E.C., amma ƙara lamba a bayansu sai a 1917 aka fara, lokacin yaƙin duniya na ɗaya, da ƙwararrun ma'aikatan gidan waya suka tafi fagen daga aka ɗauki sababbin da ba su haddace unguwanni ba. E.C.1 kuwa ta haɗa da unguwar Clerkenwell, matattarar masu gyaran agogo da masu sayar da kayan awo. Duk wanda ya manna tambarin nan, bayan 1917 ya manna shi, shekara 14 bayan zuwan Kanar.

Daga nan na koma kan ƙarafa. Kusurwoyin akwatin da ƙananan mariƙan durowa duk an yi musu farin rufi, kuma rufin nan iri biyu ne a tsofaffin kaya. Na farko nikel ne, farinsa yana da ɗan ɗumi, yana karkata zuwa rawaya, in ya tsufa ya dushe kamar an hura masa numfashi. Na biyu kurom ne, farinsa mai sanyi ne da ɗan shuɗi-shuɗi, ba ya dushewa, sai dai ya ɓare kamar ɓawon albasa. Na goge mariƙi ɗaya da tsumma da ɗigon kananzir, na fita da shi tsakar gida da hantsi, na kara shi da kan tsohon keken Raleigh na maƙwabcina. Launinsu ɗaya. Kurom ne. Rufin kurom a tsakiyar shekarun 1920 ya shiga kasuwa, bai zama ruwan dare a kan ƙananan kaya ba sai wajen 1930. Na cire mariƙin na duba bayansa, ramin sukuru ɗaya ne a katakon, babu alamar wani ya taɓa zama a wurin kafinsa. Da shi aka haifi akwatin.

Fentin ma haka ya ce. Wajen akwatin ba abin dogaro ba ne, don na tuna da idona Baba ya shafa masa banish ina firamare. Cikin marfin ne babu wanda ya taɓa. Na ɗiga sifirit a auduga na dafa a wani lungu, na jira, babu abin da ya motsa. Da shalak ne, wato folish ɗin da kafintocin da ke narkawa, da ya yi danƙo. Na sake da tina, nan da nan ya yi laushi. Fentin seluloz ne da ake fesawa, irin wanda kamfanin DuPont ya fito da shi don motoci a 1923, masu kayan katako suka ɗauka daga baya. In za ku gwada, sifirit za ku fara sawa, domin tina tana cin duka biyun, in kuka fara da ita ba za ku bambance ba. Kuma ɗigo ɗaya ya isa, a inda ido ba ya kaiwa.

Sukurori sun kusa ɓatar da ni. A hinjin marfin akwai guda biyu masu kan sita. Irin wannan kai Henry Phillips ne ya yi masa rajista a Amurka a 1936, kamfanin General Motors ya fara amfani da shi a motar Cadillac. Da na tsaya a nan, da na ce ba a yi akwatin kafin 1936 ba. Abin da ya cece ni ɗabi'ar itacen ok ce. Yana da wani ruwa mai ɗaci irin na bagaruwa, in ƙarfe ya daɗe a cikinsa yana shan raɓa, sai katakon ya yi baƙi kewaye da shi, daidai yadda bagaruwa da ƙarfe ke ba dukawa baƙin rini. Duk sukurorin fulat na akwatin kowanne yana zaune cikin baƙin zobe kamar an sa masa kwalli. Na sita biyun, da na kwance su, ramukansu ma baƙaƙe ne, amma su kansu fes suke, kuma sun fi ramin kauri har sun ɗan tsaga katakon. Baƙi ne suka sauka a ɗakin wasu. Gyaran Baba ne. A ɗaya ɓangaren kuma, ganin fulat ba ya nufin kafin 1936, don kafintocin Ingila sun ci gaba da amfani da fulat shekaru da yawa bayan nan.

Kayan da ke ciki na fi daɗewa a kansu, ko da yake shekarun mai akwati suke faɗa, ba na akwati ba. Akwai maikuromita, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, ta Moore & Wright ta garin Sheffield, mai auna sifiri zuwa inci ɗaya, ta kwanta a wuri guda har ƙyallen ya lotsa ya ɗauki siffarta, in ka ɗaga ta sai ka ga inuwarta kore shar a inda rana ba ta taɓa ba. Akwai ƙarafan yanka zaren noti jere a durowa ta uku, kusan duka an buga musu BSW ko BSF. Na farkon zaren Joseph Whitworth ne na 1841, mai kusurwa digiri 55, na biyun ƙanensa ne mai ƙananan haƙora da aka tsayar a 1908. Zaren haɗin gwiwa na Amurka da Ingila da Kanada, mai digiri 60, sai 1949 ya zo, Ingila kuma ba ta fara komawa milimita ba sai daga 1965. Duk wanda ya taɓa ɗaura notin rabin inci na Amurka a kan ƙarfen Whitworth ya san bambancin a tafin hannunsa: ɗaya haƙori 13 ne a inci, ɗaya 12, zai shiga zagaye biyu ya cije. 'Yan milimita ƙalilan da ke ciki suna gefe a cikin gwangwanin sigari, na Baba ne. Durowar nan kaɗai ta nuna mini hannu uku: na Baba, na Kaka, da na wanda ya riƙe akwatin kafin Kaka.

Na uku ɗin, wato na farkonsu, ya bar haruffa biyu na boko a gindin akwatin, an buga su da ƙarfen buga lamba. Kusa da su Kaka ya karce sunansa da ajami da bakin wani abu mai tsini. Wannan ya kai ni wajen Goggo a Unguwar Rogo, ita ce babba a cikin waɗanda suka rage.

Na gaishe ta, na ajiye mata goro, na ce, "Goggo, akwatin Kaka, kin tuna zuwansa gida?"

Ta ce, "Ɗan nan, yaya zan manta? Shekarar da Sarauniya ta zo ne. Aka jera mu bakin hanya da 'yan tutoci, sanyi kamar zai cire mana kunne. Ba a yi sati biyu ba Baba ya shigo da shi a ka, ya hana kowa ɗauka. Baturen da ya koya masa aiki ne zai koma gida, ya bar masa. Inna ta share masa wuri a ƙarƙashin gado."

Na ce, "Sabo ne a lokacin?"

"Ina fa sabo. Fatar mariƙin ma ta yi baƙi da hannu."

Sarauniya Elizabeth ta zo Najeriya daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairun 1956, kuma ta yada zango a nan Jos. Goggo ba ta riƙe lambar shekara ba, ta riƙe sanyi da tuta, kuma wannan ya fi mini takarda. Yanzu ina da bango biyu: ba kafin wajen 1930 ba, ba bayan 1956 ba, kuma a 1956 ɗin ya riga ya sha hannu.

Na ɗauka iyakar abin da zan samu ke nan. Sai wani dare na zare durowa takwas ɗin duka don in share ƙura. Ƙyallen ɗaya ya ɗan ɗago a kusurwa, na ga ƙasan durowar ba katako ba ne, farantin ƙarfe ne siriri. Maganaɗisu ya kama shi. Babu furen da ake gani a jikin kwanon rufi mai zinki, sumul yake kamar cikin gwangwanin madara. Ƙarfe ne da aka yi wa wanka da kuza. Na daɗe zaune da shi a cinya. Kafin a buɗe ma'aikatar narka kuza ta Makeri a farkon shekarun 1960, a buhu ake kwashe kuzar tsaunin nan a kai ta Ingila, a narka ta a kusa da Libaful, daga can ta shiga masana'antun da ke rufe ƙarfe. Na san Malaya da Bolibiya ma suna kai tasu. Amma a raina na ce, wa ya sani ko wadda aka wanke a kududdufan Bukuru ce ta zaga duniya ta dawo gida a ƙarƙashin maikuromitar Kaka.

Da na leƙa cikin ƙwaryar akwatin da tocila, na ɗaga kai sama, sai na ga abin da ba a gani in durowa na ciki. Mariƙin fatar, gefe ɗaya sukurorinsa na asali ne daga waje. Ɗaya gefen kuwa an huda katakon gaba ɗaya, an zura ƙaramin ƙarfe mai zare, an ɗaure da noti daga ciki. A ƙarƙashin notin akwai washa mai faɗi, baƙi ƙirin da maiƙo. Na kawo sifanata ta milimita, wannan ta yi sako-sako, waccan ta ƙi shiga. Na koma durowar Kaka na ɗauko wata 'yar sifana da aka buga wa 3/16 W. Ta zauna ɗas kamar jiya aka rabu.

Washar ta faɗo tafin hannuna. Na goge ta da kananzir, sai ga tauraro mai tsini shida kewaye da ramin. Anini ne.

Yaran yanzu ba su san shi ba. A wancan lokacin anini goma ke yin kwabo, kwabo 12 sule, kuma an yi shi da huda a tsakiya yadda za a zura shi a igiya. Fita ya rasa washa, ya laluba aljihu, ya sami abin da ramin ya yi daidai kuma ba ya tsatsa. A gefen tauraron an rubuta BRITISH WEST AFRICA, da shekara, 1936. Na juya ɗaya fuskar, wadda ta kwana manne da katako duk shekarun nan. Ga kambi a saman ramin, ga ɗan rubutun Larabci a ƙasa, ga suna a kewaye: EDWARDVS VIII. Sarkin Ingilan nan bai cika shekara a kan gado ba, ya hau a Janairun 1936 ya sauka a Disamba. A Ingila kanta ba a saki kuɗi da sunansa ba, amma a nan Afirka ta Yamma an saki, haka a Afirka ta Gabas da Fiji da Niyu Gini.

Anini ba ya faɗar ranar da aka ƙera akwati. Abin da yake faɗa shi ne ba a yi gyaran mariƙin kafin 1936 ba. Amma akwai ƙari ga mai lura. Na kai shi wajen Goggo, ta fito da wani tsohon gwangwani da take tara irinsu, muka jera. Nata, har waɗanda aka buga bayan wannan, duk sun side, rubutun ya kwanta saboda yawo daga hannun mai ƙosai zuwa na mai goro. Wannan kuwa haruffansa a tsaye suke, kana jin kaifinsu da farce, ana ƙirga ƙwayoyin kambin. Bai daɗe a kasuwa ba aka ɗaure shi. Sannan da na ɗaga farantin mariƙin daga waje, tsohon ramin da sukurun ya tsinke ya fita yana nan da baƙin zobensa, wato shi ma ya yi 'yan shekaru a ciki kafin nauyin ƙarfe ya fizge shi.

Lissafina ke nan. Kurom da fentin feshi sun ce daga wajen 1930. Aninin ya ce an gyara mariƙin 'yan shekaru kaɗan bayan 1936, akwatin kuma ya riga ya yi aiki kafin nan. Na tsaya a kan cewa an ƙera shi a Ingila a shekarun 1930, yana da shekara 90 ko kusa da haka.

Da na ɗora wannan a kan tarihin garinmu, sai komai ya zauna. Zamanin Kanar zamanin diga da kwano ne, a ka ake ɗaukar kuza har Loko a bakin Binuwai. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya bai iso ba sai 1914, babban layin da ya biyo ta Kafanchan kuma 1927. Wutar lantarki ta Kurra ta zo a ƙarshen shekarun 1920 zuwa 1930, da ita manyan famfuna da injinan haƙa suka yawaita, su kuma ba sa rayuwa sai da fita mai auna kaurin ƙarfe da kashi ɗaya cikin dubu na inci. A 1939 aka haɗe kamfanonin kuza aka yi babban kamfanin da ake kira ATMN. A 1942 Japan ta kama Malaya, Ingila ta juyo kan kuzarmu da yunwa, aka yi ɗiban gwamna, aka kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa aka kawo su cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da yawa ba su koma gida ba. Akwatin nan yana ma'aikata a waɗannan shekarun, ana buɗe shi dare da rana. A nan ne Kaka ya shigo yana saurayi, yana share ƙasa yana miƙa sifana, har ya kai ranar da aka yarda ya riƙe maikuromita.

Na je na zayyana wa Baffa komai, na ajiye masa aninin a hannu. Ya sa tabarau ya daɗe yana juya shi. Ya ce shi ma daga bakin manya ya ji maganar Kanar, kuma a wurinsu duk abin da ya zo da Turawan kuza na zamanin Kanar ne. Sannan ya ce, "Gani ya kori ji. Amma ka mayar da shi inda ka same shi."

Abin da nake roƙon duk mai irin wannan a gida, a Bukuru ko Barikin Ladi ko Gana Ropp, kada ya kai shi a kankare da samfefa a fesa masa sabon fenti. Na ga an yi wa wani haka, ya fito yana sheƙi, tambarinsa da baƙin zoben sukurorinsa duk sun tafi, babu sauran abin karantawa a jikinsa. Tsumma mai laushi ya isa. A ɗaga shi daga siminti saboda gara da laima, a ɗauki hoton kowane lungu kafin a kwance komai, kuma a je wajen tsofaffin gida tun suna nan.

Na mayar da aninin yadda yake, fuskar sarkin a jikin katako, tauraron yana kallon ƙasa, na ɗaure notin da sifanar Kaka. Na rubuta abin da na gano a ɗan kati, da boko da ajami, na sa a durowar ƙasa tare da sabuwar ƙwayar kafur. Ƙarfen yanka zare ɗaya kawai na ɗauka, na rabin inci BSW. Akwai wani tsohon injin Lister na mai niƙa daga Narkuta da ya yi mako uku a shagona, zaren rami ɗaya ya cinye, na zaga Dilimi da Farin Gada ban sami mai haƙori 12 ba. Da safe na ɗiga masa mai, na murɗa rabi na dawo kwata yadda Baba ya koya mini, ya shiga yana fitar da ɗan garin ƙarfe. Kafin azahar mai injin ya zo da a-kori-kura ya ɗauki abinsa.